A Duba Kafin A Yanka

Jama'ar ƙasar Kirikasamma, masu gida da uwayen gida: Wannan takarda a kan ciwon dattawa ta ke. In akwai wanda ya iya karatu a gidanku, ya karanta wa tsofaffi a hankali, in da hali ba a gaban yara ba, don magana ce wadda a ke jin nauyinta.

Ga abin da ya sa muka rubuta ta. Sau da yawa a kan ɗauko dattijo daga ƙauye, fitsari ya ɗaure masa, yana gumi yana murƙususu, a kai shi asibiti. A sa masa roba, fitsari ya zubo, ya sami sa'ida. Bayan 'yan kwanaki likita ya ce, "Baba, aiki za a yi maka, amma a je a yi hoton ciki tukuna." To, nan gardama ke tashi tsakanin 'ya'yansa a gindin bishiya. Babban ya ce, "An riga an san ciwon, hoton me kuma? Wannan ai dabarar cin kuɗi ce." Ƙaramin, wanda ya zauna birni, ya ce, "A'a Yaya, a yi kowane irin hoto da ke akwai, ko da za a sayar da sa." Baba yana kwance yana jinsu, kunya ta hana shi cewa kome.

Mu a ganinmu dukansu biyu ba su dace ba. Akwai hoto guda wanda ya kamata kowane dattijon fadama ya yi kafin a taɓa shi da wuƙa, akwai kuma waɗansu da ba su da amfani gare shi sai likita ya ga dalili. Wannan ra'ayinmu ne, kuma za mu kawo hujja, har da hujjar waɗanda ba su yarda da mu ba.

Mene ne ciwon?

Kowane namiji yana da wata 'yar tsoka a wuyan mafitsararsa, likitoci suna kiranta furostet. Girmanta kamar ɗan goro, nauyinta misalin giram 20. Hanyar da fitsari ke bi ya fita ta tsakiyarta ta ratsa. Sa'ad da mutum ya manyanta sai ta riƙa girma, tana matse hanyar. Misalin rabin mazan da suka kai shekara 60 tasu ta soma girma, in kuwa an kai 80 sai ka sami wajen 8 cikin 10. Ba kowa ta ke damu ba. Wanda ta dama ya kan tashi sau uku sau huɗu da dare, ya daɗe a tsugune yana yunƙuri, fitsarin ya fito ba ƙarfi, ya tashi ya ji kamar da saura. Waɗansu sun yi tsarki sun yi alwala, kafin su kai masallaci ɗigo ya ɓata musu wando. Mun san dattawan da wannan ya hana su sahun gaba, kuma ba su gaya wa kowa ba.

Ku sani wannan ba sammu ba ne. Ba yawan aure ke kawo shi ba, ba kuma alhakin wani abu da mutum ya yi da ƙuruciya ba ne. Tsufa ne kawai, kamar furfura. Akwai ƙwayoyin da ke sassauta hanyar cikin 'yan kwanaki, akwai waɗanda ke rage girman tsokar in an jure shansu wata 6 ko fi. Mutane da yawa ƙwayoyin nan sun ishe su. Sai in sun kāsa, ko fitsari ya yi ta ɗaurewa, ko ciwon ya taɓa ƙoda, sa'an nan a ke maganar aiki. Aikin iri biyu ne a ƙasarmu: ko a tsaga mara a ciro tsokar, ko a bi ta hanyar fitsari da wani ƙarfe a kankare ta ba tsaga.

Domin ku gane maganar hoto, sai ku tuna da ruwanku. Ba wanda zai koya wa mutumin Marma ko Madaci abin da kacala ke yi. In ta toshe bakin hanyar ruwa, ruwan ba ya ɓacewa, baya ya ke komawa, ya cika, ya malale gonakin da ke sama. Jikin mutum haka ya ke. Ƙoda biyu suna can sama wajen kwiɓi, suna tace jini suna fid da fitsari misalin lita 1 da rabi kowace rana. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu, tsawonsa misalin ƙafa guda, ya gangaro zuwa mafitsara. Mafitsara ita ce tafki. Furostet tana bakin tafkin. In ta toshe, tafki ya cika, fitsari ya koma baya cikin bututun nan, ƙoda ta kumbura, a hankali ta lalace. Abin tsoro shi ne wannan lalacewa sau da yawa ba ta ciwo.

To, kowa ya taɓa fita aikin gayya na yanke kacala ya san wani abu kuma. In kun share baki, alhali akwai wata toshiya can sama wadda ba ku gani ba, kun sha wahalar banza. Shi ya sa mai hankali ya kan shiga kwalekwale ya bi hanyar tukuna. Hoton ciki shi ne kwalekwalen likita.

Abin da Turawa suka gano

Wajibi ne mu faɗi gaskiya, babban ɗan nan mai cewa a bar hoto yana da manyan likitoci a bayansa.

A 1895 wani Bajamushe, Röntgen, ya gano hasken da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Amma hasken nan ba ya nuna hanyar fitsari sosai. A 1929, a birnin Balin, aka sami wani ruwan magani wanda in an yi wa mutum allurarsa a jijiya, ƙoda ta kan tace shi, ya bi fitsari, sai hanyar duka ta fito fara a hoto. Mu kira shi hoton allura. Shekaru da yawa bayan haka, a Ingila da Amurka da asibitocinmu na nan, kusan duk wanda za a yi wa aikin furostet sai an yi masa hoton allura. Al'ada ce, ba mai tambaya.

Daga baya waɗansu likitoci suka zauna suka duba tarin hotunan nan, suna tambaya: a cikin mutum nawa hoton ya sa aka canja aikin da aka yi niyya? Suka tarar kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawa ba a ga kome ba. Ga shi kuma hoton ba banza ya ke zuwa ba. Sai an sha maganin wankin ciki, an kwana da yunwa. Ruwan allurar ya kan tayar wa waɗansu da borin jini, jefi-jefi har ya kai ga haɗari, kuma yana iya ƙara wa ƙoda mai rauni rauni. Sabo da haka a 1994 hukumar gwamnatin Amurka mai tsara wa likitoci ƙa'ida ta ce kada a riƙa yi wa kowane mai wannan ciwo hoton ƙoda don al'ada kawai. A yi wa wanda ke da ɗaya daga cikin abu biyar: jini a fitsari, ko ƙwayar cuta a hanyar fitsari, ko raunin ƙoda, ko ya taɓa yin tsakuwa, ko an taɓa yi masa aiki a hanyar fitsari.

Wannan ƙa'ida mai kyau ce, ba mu ƙi ta ba. Game da hoton allura ma mun bi ta sarai: kada kowa ya biya kuɗinsa don kawai za a yi masa aikin furostet. Amma ku sake karanta abu na fari cikin biyar ɗin nan. Jini a fitsari. Sa'an nan ku dubi dattawan da ke zaune a ƙofar gidan mai unguwa, ku tambayi kanku, su nawa ne a cikinsu ba su yi fitsarin jini ba suna yara?

Tsargiya

Mutanen da aka duba hotunansu a Landan ba su yi wanka a kududdufi ba suna yara. Ba su yi su ba, ba su dasa shinkafa ruwa iya gwiwa ba, ba su tsallaka kwari da ƙafa kowace damina ba. Dattijon Baturiya ko Turabu kuwa a cikin ruwa ya girma, a cikinsa ya ke cin abinci har yau. Nan bambancin ya ke.

Tsargiya tsutsa ce. Wani likita Bajamushe, Bilharz, ya fara ganinta a Alƙahira a 1851, kuma an sami ƙwanta a gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna, watau tsohuwar cuta ce ta mutanen bakin kogi. Mai ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga cikin wata ƙaramar katantanwa, su hayayyafa. Bayan kamar mako 4 zuwa 6 su fito cikin ruwa, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga, su huda fatarsa su shige. Su girma, su zauna cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, suna zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan da ya huda bangon mafitsara ya fita, shi ke kawo jinin nan a ƙarshen fitsari. A dā har waɗansu na ɗaukarsa alamar yaro ya zama namiji. Ba alamar kome ba ce sai cuta.

Katantanwar nan ruwa mai kwanciya ta ke so, mai ciyawa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, tafiyar kogin Haɗeja ta canja. Wuraren da a dā su kan bushe ƙaf da rani yanzu suna riƙe ruwa, kacala ta cika su. Wannan ya yi wa katantanwa daɗi.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne ƙwan da bai fita ba. Da yawa ya kan maƙale cikin bangon mafitsara da ƙarshen bututun nan biyu. Jiki ya yi ta faɗa da shi, wurin ya yi tabo. Yaro ya girma, jini ya ɗauke, kowa ya manta. Tabo kuwa yana nan. A wurin waɗansu ya kan ƙuntata bututu, ƙoda ta kumbura shiru. A wurin waɗansu mafitsara ta yi tauri ta tsuke, ta kāsa riƙe fitsari da yawa. A wurin kaɗan kuma, bayan shekaru masu yawa, ciwon daji ya tsiro a mafitsara. Masana na Hukumar Lafiya ta Duniya sun sa tsutsar nan cikin abubuwan da aka tabbata suna kawo ciwon daji tun 1994. Ƙwayar da a ke raba wa 'yan makaranta, furazikwantel, tana kashe tsutsar, kuma in an sha da wuri mafitsarar yaro ta kan warke. Amma ba ta kankare tsohon tabon shekara 50. Dattawanmu na yau kuwa yawancinsu sun yi ƙuruciyarsu kafin ƙwayar ta iso ƙauye.

Ga wahalar: mafitsarar da tsargiya ta ɓata da furostet da ta girma, kukansu kusan ɗaya ne. Tashi da dare, yawan fita, jin saura. Likita ya sa yatsa ya ji tsoka ta girma, gaskiya ne ta girma, ai ta rabin tsaransa ma ta girma. Amma ita kaɗai ce mai laifin? Yatsa ba zai faɗa ba.

Don haka muka ce ƙa'idar 1994 ba ta hana dattijon fadama hoto ba. In an karanta ta da idon mutumin nan ƙasar, ita ce ma ta tura shi.

Wane hoto?

Ba na allura ba. Wanda mu ke nufi shi ne sikanin, irin wanda a ke yi wa mata masu juna biyu. Kada dattijo ya ce wannan na mata ne. Na'ura ba ta san mace ko namiji ba. Ba allura, ba yanka, ba wankin ciki, ba hasken hoton ƙashi. Da wata ƙara ta ke aiki wadda kunne ba ya ji, tana shiga jiki tana dawowa, kamar yadda jemage ke gane hanyarsa cikin duhu. Za a ce ka sha ruwa ka riƙe fitsari. Ka kwanta, a shafa maka wani mai mai sanyi a mara da kwiɓi, a goga na'urar. Sa'an nan a ce je ka yi fitsari ka dawo, a sake dubawa. Duka bai fi minti 20 ba. Wanda ke da roba a jikinsa, ma'aikacin zai gaya masa yadda za a yi.

A ce ga dattawa huɗu, duk kukansu ɗaya, duk an ce aiki.

Na fari aka duba, ƙoda lafiya, mafitsara lafiya, tsoka ce kawai. Wani zai ce kuɗinsa ya tafi a banza. Bai tafi ba, don an auna girman tsokar. In ba ta yi girma ainun ba, kankarewa ta isa. In ta wuce misalin giram 80, likitoci da yawa sun fi son tsagawa. Gara a san wannan tun ba a shiga ɗakin aiki ba, don kowane irin aiki da shirinsa, da yawan jinin da za a tanada, da asibitin da ya iya shi. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ma a 2018 ta shawarci likitocinta su san girman tsokar da siffarta kafin aiki.

Na biyu aka ga ƙodarsa duka biyu sun kumbura, mafitsara cike ko bayan ya yi fitsari. Wannan in an gaggauta yanka shi, ana wasa da ransa, don mai raunin ƙoda ba ya jure aiki da zubar jini kamar mai lafiya. Sai a bar masa roba makonni, ruwan da ya koma baya ya sauka, a sake gwada jini, ƙoda ta farfaɗo, sa'an nan a yi aiki. 'Ya'yansa za su yi ta ƙorafi an ja musu rai. Jan ran nan shi ne maganin. In kuwa an sa roba kumburin bai sauka ba, ko kuwa ƙoda ɗaya ce kaɗai ta kumbura, to, likita zai yi zaton akwai wata toshiya a sama. A nan ne hoton allura, ko babban hoton nan na siti sikan, ke da amfani. A nan kuma ya cancanci kuɗinsa.

Na uku aka ga tsakuwa cikin mafitsara. Fitsarin da ya kwanta ya kan haifi tsakuwa, wata kamar gyaɗa, wata har kamar ƙwan kaza. In an sani, sai a fid da ita a aiki guda.

Na huɗu aka ga wani tsiro a bangon mafitsara. Wannan maganarsa ta canja gaba ɗaya. Ba a tsaga mafitsara mai ciwon daji haka kawai don a ciro furostet, yin haka yana iya yaɗa ciwon. Sai a tura shi inda za a leƙa cikin mafitsarar da madubi a ɗebo ɗan yanki a gwada, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitin mafitsara na Abubakar Imam, duk a Kano. Cikin huɗun nan shi ne ya fi ƙaranci, amma shi ne hoton ya fi yi wa rana.

Akwai kuma na biyar da ba mu lissafa ba, wanda ya fi ba mu tausayi. Shi ne mai tsukakkiyar mafitsara. An sayar da sa, an ci bashi, an yi aiki, rauni ya warke, ga Baba har yanzu yana tashi sau shida da dare. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Sai a ce likita bai iya ba, alhali tsokar da aka cire ba ita ce babbar mai laifi ba. Sikanin ba kullum ya ke tabbatar da wannan ba, amma ya kan sa likita ya yi shakka ya ƙara bincike, ya gaya wa iyali gaskiyar abin da aiki zai gyara da wanda ba zai gyara ba, tun san yana turke.

Inda hoto ke da iyaka

Yanzu sai mu juya kan ƙaramin ɗa, mai son a yi kowane hoto. Shi ma a ja masa kunne.

Hoto ba magani ba ne. Mun ga masu yawo da takardun sikanin huɗu biyar cikin jaka, daga wannan shago zuwa wancan, ba likitan da ya tura su, ba wanda ya karanta musu. Guda ɗaya mai kyau, wanda likitan da zai yi aikin ya nema, ya fi goma na yawo. Kuma ingancin sikanin yana hannun mai riƙe da na'urar. Ku tambayi likita inda ya amince da shi, ku je can. Ku tabbata an duba ƙoda biyu, an duba mafitsara cike, an sake dubawa bayan fitsari. In an goga mara kawai an ce "furostet ta girma" an sallame ku, ba a gaya muku abin da ba ku sani ba.

Hoto kuma ya kan nuna abin da ba ciwo ba ne. Tsofaffi da yawa suna da 'yar jakar ruwa a jikin ƙoda, ba ta cutar da su, da ita za su gama kwanansu. Wanda bai sani ba ya ga an rubuta a takarda, hankalin gida duka ya tashi, a kwashi hanya zuwa Kano a kan abin da ba kome ba. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa Turawa suka rage yawan hoto, kuma dalili ne na gaskiya. Maganinsa shi ne kada kowa ya fassara takarda sai likita.

Har wa yau sikanin ba ya maye gurbin sauran awo. Gwajin fitsari shi ke nuna jinin da ido bai gani ba, da ƙwayar cuta, da ƙwan tsargiya in da sauransa. Gwajin jini shi ke nuna ƙarfin ƙoda, don ƙoda tana iya raunana ba ta kumbura ba, musamman ga mai ciwon sukari ko hawan jini. Ciwon dajin ita furostet ɗin kanta kuwa, sikanin mara ba ya rabe shi. Yatsan likita da wani gwajin jini dabam su ke fara nuna shi. Mun san duba da yatsa abu ne mai nauyi ga dattijo, balle in likitan sa'an jikansa ne. A daure. Bai kai minti ɗaya ba. Ƙaramin tsiro a mafitsara ma yana iya ɓuya wa sikanin, shi ya sa in akwai jini likita ya kan ce a leƙa da madubi ko da hoto bai nuna kome ba. Akwai kuma ƙuntatar hanyar waje, wadda tsohon ciwon sanyi ko rauni ke bari. Ita ma tana ɗaure fitsari, amma aikinta dabam, hotonta dabam.

Wanda kuwa ciwonsa kaɗan ne, ƙwaya ta riƙe shi, fitsarinsa da jininsa lafiya, ba a maganar aiki, ba mu ce lalle ya je ya yi hoto ba. Maganarmu a kan wanda za a yanka ce. Ba kuma dukan likitoci za su yarda da mu a kan kowane mutum ba. In likitanka ya ce kai ba ka bukata, tambaye shi dalili cikin ladabi, ka kuma tabbata ka gaya masa tarihinka na ruwa.

Maganar kuɗi ba mu raina ta ba. Mun san abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa rumbunan ƙasar nan. Amma ku auna da kanku. Kuɗin sikanin kaɗan ne in an gwada shi da na aiki, da na jini, da na mota, da na jinyar makonni. Wanda zai sayi sa ya kan buɗe bakinsa ya duba haƙora, bai taɓa cewa dubawar ɓata lokaci ce ba.

Abin da ya rage ga gida

Likita ba ya duba, abin da aka gaya masa da shi ya ke aiki. Wataƙila baƙo ne, ya yi karatunsa a birni, bai zai tuna ya tambayi abin da ya faru shekara 50 baya ba. Kai ne za ka ce, "Likita, ni mutumin fadama ne, na yi fitsarin jini ina yaro." Kalmomin nan kaɗan suna iya canja duk abin da zai yi. Ka faɗa masa in ka taɓa fid da tsakuwa, in ka taɓa ciwon sanyi, in ƙafa tana kumbura, in fitsari yana zubo maka cikin barci. Na ƙarshen nan alama ce mafitsara ta cika ta batse, kada a jinkirta da shi. In Baba yana jin nauyin faɗa a gaban ɗansa, ɗan ya fita waje, ko kuwa a tafi da amininsa, tsaransa. Uwar gida kuma, ke ce kika san sau nawa ya ke tashi da dare, ke ke wanke tufafin. In ya ƙi faɗa, gaya wa babban ɗanki ko ƙanen mai gidan.

Dattijon da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya, ko ba zafi, kada ya ce tsargiyar ƙuruciya ce ta dawo ya sayi ƙwaya a kasuwa. Ya tafi asibiti cikin makon nan. Wanda fitsari ya ɗaure masa ɗungum, mara ta kumbura, a kai shi ran nan, ko da dare ne. Kada a bari wanzami ko mai kyamis ya zura masa wani abu. Ku kula da ƙwayoyin ciwon jiki da a ke sha bayan aikin gona, waɗansunsu suna cin ƙoda in an dawwama a kansu. Waɗansu magungunan mura kuma suna iya ɗaure wa mai wannan ciwo fitsari dare ɗaya. Duk abin da Baba ke sha, na asibiti da na gargajiya, a ɗaure a leda a kai wa likita ya gani.

Ku fara da asibitin da ke kusa da ku, su za su ba ku takarda zuwa Babban Asibitin Haɗeja, daga can in da bukata a tura ku Dutse, ko Nguru, ko Kano. Wanda aka riga aka ce masa aiki, kada ya bari sai Agusta ko Satumba, sa'ad da ruwa ke yanke hanya, mota ba ta shiga, sai kwalekwale. Ya nemi ranar hotonsa tun da rani, bayan an kai amfanin gona gida. Ran da za a je a tafi da gorar ruwan sha, a isa da wuri. Takardar hoton da ta gwajin jini a sa su cikin leda a ɗaure baki, a rataye sama inda ruwa ba ya kai, a riƙa zuwa da su duk ran da za a ga likita.